Muryata a Wayar Ba Mele

Buhu ɗari da goma sha biyu ne. Na faɗi adadin tun farko saboda na ji yana ƙaruwa a bakin mutane, har wani a kasuwar Difa ya taɓa rantse mini cewa ɗari uku ne, ni da abin ya faɗa wa. Ɗari da goma sha biyu na busasshen tattasai, jan nan na tsinkar farko da mai saye ba ya jayayya a kansa. Talatin da ɗaya na Ba Mele ne. Sauran na gidaje biyar ne na maƙwabtansa, a wani ƙauye kudu da Shetimari, waɗanda suka tara kayansu a magazansa, wato ɗakin ajiyarsa, don ya ce musu ya san ni. Ko buhu ɗaya ban biya ba tukuna, domin tsarinmu shi ne a loda, kaya su isa wurin mai saye, in kawo kuɗi. Bayan wannan akwai shekara ashirin da huɗu da na yi ina shiga gidan mutumin nan, takarda ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba.

Ku yaran gidan nan kun tashi kuna jin ana cewa wani tsohon Babarbare ya taɓa cinye wa babanku kaya. Na san inda maganar ta fito. Daga bakina ta fito, kuma na bar ta tana yawo a Difa shekara da shekaru saboda ta fi mini sauƙi a kan gaskiya. Yanzu da idona ya fara gajiya da rubutu, gara in ajiye muku yadda aka yi.

Lokacin da na zo Difa daga Damagaram ba ni da komai sai sikeli ɗaya da ɗan jarin da yayana Mamman ya ba ni. Ba Mele ne manomin farko da ya yarda ya ba baƙo kaya. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, dogo ne, baƙi, da zane a fuska, yana Hausa da nauyin harshen mutanensa. Wanda bai zauna da mutanen bakin kogin Komadugu ba, ba zai gane matsayin gaisuwa a wurinsu ba. Mu ma Damagarawa muna gaisuwa, amma tamu ta ɗan kasuwa ce, baki na yi ido na kan kaya. Shi in ya kama hannunka sai ya fara da wushe, wushe, ya tambayi kwananka, ya tambayi gajiyar hanya, ya tambayi mai ɗakinka, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya gangara kan dangin da ke Damagaram waɗanda bai taɓa gani ba. Kuma jiran amsa yake. In ka ce lafiya lau da sauri sai ya tsaya ya dube ka, ya maimaita tambayar. Sau da yawa kafin mu zo maganar farashi shayi ya huce, ni kuma ƙafata na rawa a kan tabarma.

"Afuno," haka yake kirana, wato Bahaushe a bakinsu, "kai kullum kamar an bar maka tukunya a wuta. Zauna. Yaya zazzaɓin ƙaramar taka, ya sauka?"

Haka muka yi shekaru, har aka shiga lokacin da hanya ta lalace. Kun san shekarun, wasunku a cikinsu aka haife su. Aka hana babur, zuwa gonakin bakin kogi ya zama abin da mutum zai yi tunani sau biyu kafin ya tashi. Masu sayen kayana kuwa yawancinsu a ƙetaren iyaka suke, kiran waya zuwa can yana cin kiredi kamar ana zuba ruwa a rairayi. A nan ne na ga abokan sana'a sun koma kira ta data. Ka sayi mega na sati, ka kira Kano, ka kira Maiduguri, ka kira gona, duk a kuɗin da a da ba ya isar kira biyu. Ni mutum ne da in na ga abu yana rage kashe kuɗi ba na tsayawa shawara. Cikin wata biyu na mayar da duk cinikina can. Ina zaune a shago ina jin farashin kasuwa uku kafin azahar, ina haɗa manomi da mota, mota da mai saye, ban taka ko'ina ba. Gaskiya na ci riba a shekarun nan, kuma da ita na gina ɗakunan da kuke ciki.

Na sayo wa Ba Mele waya mai fuska, na kai masa da kaina, na sa masa lambata da hotona. Ya juya ta a hannu kamar an miƙa masa kifi mai rai.

"Ni ban iya karatun nasara ba," ya ce. "In ta yi kuka, yaya zan san kai ne?"

"Ka ga wannan fuska?"

"Na gan ta. Ba ta da kyau, amma na gan ta."

"To in ta fito, ni ne. Ka ja koren nan da yatsa, shi ke nan."

Abin da ban lissafa ba shi ne halin kiran data a bakin kogi. Rezo, wato layin sadarwa, can yana zuwa yana tafiya, wani lokaci wayar ta kama na wannan ƙetare, wani lokaci na wancan. Ko ya kama, magana ba ta isa nan take, sai ta ɗan makara a hanya. Ciniki yana jure wannan, gaisuwa ba ta jurewa, don gaisuwa ɗaya ya faɗa ne ɗaya ya amsa. Sai ya zama yana cewa ina kwana, ni shiru nake ji, in ce alo, sai gaisuwarsa ta iso, in amsa lafiya lau, shi kuma ya riga ya kai kan yara. Muna karo da juna kamar makafi biyu a ƙofa ɗaya. Kafin mu fita daga dangin Damagaram kira ya yanke, ban faɗi abin da ya sa na kira ba, mota kuma tana tsaye ana biyan ta. Na jure wata ɗaya. Sannan ranar da muka haɗu a kasuwar Shetimari na gaya masa.

"Ba Mele, rezo ba shi da haƙuri. Gaisuwa mu riƙa ajiye ta sai mun haɗu. A waya, in ka ga fuskata ka ɗauka, ka saurara. In ka ji saƙo ka aikata."

Ya dube ni ya ce:

"Wato in ɗauka in yi shiru, kamar wanda ƴan sanda suka kira komisariya."

"Ba haka ba ne. Aiki ne."

"To, Afuno. Wayarka ce."

Bai daina gaba ɗaya ba, baki ya saba. Yakan fara wushe, ni kuma in bi ta kai da maganata, har ya koyi haɗiye sauran. Sau ɗaya bayan na ba shi saƙo ya sake kirana don ya tabbatar, ina tsakiyar ciniki da wani babban mai saye. Na ce masa da zafi kada ya ƙara tambayata abin da na riga na faɗa. Uwarku Rabi tana kusa, ta kawo mini abinci shago. Da na ajiye wayar ta ce:

"Alhaji, da dattijon nan na Shetimari kake magana haka, ko da mai tura baro?"

"Ke ba ki san kuɗin da minti ɗaya yake ci ba."

"Ban sani ba. Amma na san ranar sunan Hadizarmu shi ya kawo rago, ba minti ba."

Na yi dariya na ci abincina.

A shekarar da nake ba ku labari tattasai ya yi kyau, farashi ma ya tashi. Ba Mele ya tara tsinkar farko, tasa da ta maƙwabta, yana jiran in turo mota. Direban da ya saba ɗaukar mini kaya daga can wani ne da muke kira Dogo, mutum mai fara'a, ya yi mini lodi damina uku ban taɓa rasa buhu ba. Ana cikin shiri sai aka kira ni cewa yayana Mamman ya rasu a Damagaram. Na kira Dogo na ce masa lodin satin nan ya fasa, zan tafi gida, sai bayan addu'ar bakwai. Ya yi mini ta'aziyya har muryarsa na rawa. Ba Mele ban kira shi ba. Na ce a raina ai ba zai motsa ba sai ya ji daga gare ni. A Damagaram wayata kusan kullum a kashe take cikin aljihu, ina karɓar gaisuwa a zaure.

Kwana tara na yi. Washegarin dawowata na samu wata mota babba, don Dogo wayarsa ba ta shiga, na bi ta da kaina saboda ina son in ga kayan da idona. Mun isa ƙauyen da hantsi. Tun daga nesa na hangi ƙofar magazan a buɗe. Na sauka na leƙa. An share shi tas, har an yayyafa ruwa. Ƙamshin tattasai yana nan yana shiga hanci, amma babu ko buhu ɗaya. Na tsaya ina kallon bango. Na fita na sake shiga, kamar wanda ya yi kuskuren ɗaki. Sai ga Ba Mele ya taho daga gona, ƙafafunsa duk laka, ya miƙo hannu biyu, ya yi mini ta'aziyya doguwa, ni ban ma san abin da nake amsawa ba. Da ya gama ya ce:

"Kaya sun isa lafiya?"

"Wane kaya?"

"Waɗanda ka turo Dogo ya ɗauka ran Talata."

Na waiwaya. Maƙwabtan sun ga mota sun taru, suna tsammanin kuɗi na kawo. Mutum wajen goma sha biyar ne a ƙofar magazan, da surukansa biyu, da matarsa Ya Fanna a bakin zana.

"Ni ban turo kowa ba," na ce.

"Ka kira ni."

"Ban kira ka ba. Ina Damagaram ina zaman makoki."

"Fuskarka ta fito. Na ja koren. Muryarka ce, Afuno, ni zan kasa gane muryarka? Ka ce, Ba Mele, ni ne, rezo ba kyau, mota na gabanka, ka loda masa duka. Har ka yi tari. Ka ce wa wata, ke rufe mini ƙofar nan. Sai ya yanke, kamar kullum."

Na ciro wayata na ɗaga ta sama, na bi mutanen da ita ɗaya bayan ɗaya, ina nuna musu cewa ranar Talata babu kiran da ya fita daga gare ni, su da yawancinsu ba sa karantawa. Ba Mele ya laluba aljihu ya ciro tasa ya miƙo mini.

"Duba nan ma," ya ce.

Ban karɓa ba. Wannan ku riƙe shi, domin shi ne wurin da komai ya karkata. Da na karɓa na duba, a nan take zan ga hotona a kan lambar da ba tawa ba. Amma a kaina lissafi ya riga ya gama kansa: farashi ya tashi, ina nesa, tsoho da direba sun san juna damina uku. Na ture hannunsa da bayan nawa, wayar ta kusa faɗuwa, na ce a gaban mutanensa:

"Ba Mele, ƙarya kake yi. Nawa Dogo ya ba ka?"

Ɗaya daga cikin surukan ya yunƙura, tsohon ya tare shi da hannu ba tare da ya dube shi ba. Ya mayar da wayar aljihu a hankali, ya danna bakin aljihun. Ya Fanna ta saki zana ta shige. Ni kuma na hau motar da na zo da ita, muka dawo Difa babu kaya. Kafin la'asar na faɗa wa mutum biyar a kasuwa cewa tsohon ya haɗa baki da direba.

Da na shiga gida Rabi ta ga fuskata ta kore ku waje. Na ba ta labari ina kai da kawowa a tsakar gida, har na kwaikwayi maganar tsohon don ta ji irin ƙaryar da aka shirya, da tarin da rufe ƙofar. Tana tsince shinkafa a faranti. Sai na ga hannunta ya tsaya.

"Sake faɗa. Ke rufe mini ƙofar nan?"

"Haka ya ce wai na ce."

"Alhaji, ai ka faɗa. Ni ka faɗa wa."

"Yaushe?"

"Bara, da ka yi tarin nan da ya hana ka fita sati guda. Kana kwance a ɗaki kana magana cikin waya, na shigo da kunu na bar ƙofa a buɗe, ka daka mini tsawa. Na tuna don na yi fushi, kwana biyu ban yi maka magana ba, kai ba ka ma lura ba."

Na zauna a kan turmi. Na buɗe wayar na shiga saƙonninmu da Dogo, na yi ta ja baya, wata bayan wata. Sai na tuna. Bara akwai ranar da Dogo ya isa ƙauyen kiran ya ƙi shiga wayar Ba Mele, shi kuma ya ce ba ya loda wa kowa sai ya ji bakina. Sai na ɗauki saƙon murya, wanda ake ce wa vokal, na tura wa Dogo na ce ya kunna masa. Kafin ya kunna rezo ya dawo na samu tsohon kai tsaye, saƙon bai yi amfani ba, na manta da shi. Yana nan, daƙiƙa goma sha ɗaya. Na danna.

Ba Mele, ni ne. Rezo ba kyau. Mota na gabanka, ka loda masa duka. Sai tari. Ke, rufe mini ƙofar nan.

Na sha jin muryata a waya, amma ban taɓa jin ta kamar ranar ba. Kalma ɗaya tsohon bai ƙara ba, ɗaya bai rage ba. Babu rana a cikin saƙon, babu sunan direba, babu adadin buhu, babu sallama a farko ko a ƙarshe. Saƙo ne da zai yi aiki a kowace Talata ta duniya. Dogo bai buƙaci wata dabara ba. Ya sa hotona a wata lamba, hoton da kowa ke iya ɗauka daga wayata, ya sa wani ya kira, aka kara waya ta biyu aka kunna. Na sake dannawa, na sake. Rabi ta ajiye farantin ta ce:

"Da za a gaishe da wannan abin, zai amsa?"

Na kife wayar a cinyata, ita kuma ta ci gaba:

"Tashi ka koma yanzu. Rana ba ta faɗi ba."

"Gobe."

"Alhaji, ka kira mutum maƙaryaci a gaban surukansa."

"Na ce gobe. Sai na fara zuwa wurin jandarma."

Goben nan sati uku ta yi. Ba zan yi muku ƙarya in ce aiki ne ya riƙe ni ba, ko da yake aikin na yi. Na kai ƙara. Na bi tashar manyan motoci, na kira duk wanda na sani a ƙetare, na biya mutane su duba mini kasuwanni. Motar ma ashe ba ta Dogo ba ce, mai ita ya same ta an ajiye a wani gari babu kowa ciki. Ɗakin da Dogo yake haya an kwashe shi tun ran Litinin. A raina ina cewa in na kamo shi, ko na samo rabin kayan, zan koma ƙauyen da abu a hannu, ba da baki kawai ba. Gaskiyar ita ce ina jin nauyin tsayawa a ƙofar magazan nan in ce ni ne. Kullum da safe Rabi takan ajiye mini shayi ta ce yau ne? In ce ana kan bincike. A sati na biyu ta daina tambaya, ta daina zama in ina ci. Lambar Ba Mele tana cikin wayata, na buɗe ta ya fi sau ashirin. Me zan ce, da wace gaisuwa zan fara?

Da na tabbata Dogo ya tafi, na sayar da filina na hanyar Damagaram, wanda na saya da niyyar gina shaguna. Na sayar da shi da araha don ina sauri. Na ɗauki kuɗin buhu ɗari da goma sha biyu a farashin ranar da aka sace su, na tafi ran Juma'a.

Hanyar gidansa ta bi ta gefen gonarsa. Na sa direba ya tsaya. Tattasai ana tsinkarsa sau uku, sau huɗu, muddin yana shan ruwa, kuma a lokacin gonakin maƙwabta jawur suke da tsinka ta biyu. Tasa ta bushe. Ganye ya murɗe ya zube, ƴaƴan sun yanƙwane a jikin itace tun ba su nuna ba, ƙasa ta tsage. Na gangara bakin ruwa inda injin ban-ruwansa yake zama. Sai gurbinsa, da baƙin mai a ƙasa, da guntun tiyo. Wani manomi da ke wucewa da fartanya, ɗaya daga cikin masu gidaje biyar ɗin, ya gane ni.

"Ya sayar," ya ce. "Da injin da shanun huɗa biyu, tun satin farko. Ya raba mana. Bai kai rabin kuɗinmu ba, amma ya ce mu riƙe."

"Ku kuka matsa masa?"

Ya kawar da kai.

"Alhaji, kai ka ce ya ci. Mu me za mu ce? Yara sun fara yi wa jikokinsa waƙa."

Na same shi a ƙofar gida a kan buzu, ya rame. Ya tashi ya kama hannuna, ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, bai tsallake ko ɗayanku ba. Na amsa kowace tambaya. Sannan na ciro wayar na kunna masa saƙon, na gaya masa na bara ne, na gaya masa yadda aka yi. Ya saurara da kai a sunkuye. Na ce masa na zalunce shi, ya yafe mini.

"Na yafe," ya ce. "Tun ranar na yafe, don in iya barci."

"Ba ka ji wani abu ba daidai ba a kiran? Ko kaɗan?"

Ya murza gemunsa.

"Labarin rasuwar yayanka ya iso mana tun ran Lahadi. Da fuskarka ta fito na ce alhamdulillahi, zan yi masa ta'aziyya. Na buɗe baki, na ce Allah ya ji ƙan Mamman. Ka bi ta kaina da maganar mota. Fanna tana nan, ta ce mini wannan ba daidai ba ne, ka sake kiransa. Na ce mata ya hana." Ya ɗago ya dube ni. "Na ce a raina, Afuno ya kai inda ko ta'aziyyar ɗan'uwansa ba shi da lokacinta. Kuma ban yi mamaki ba. Shi ya sa na loda."

Na sha zagi a kasuwa, na sha asara, an taɓa tsare ni kwana biyu a kan iyaka. Babu abin da ya taɓa shiga jikina kamar wannan ban yi mamaki ba, kuma ba da faɗa ya faɗe ta ba.

Bayan sallar Juma'a na miƙe a ƙofar masallacinsu na faɗa da Hausa, surukinsa yana mayarwa da Barbarci, cewa Ba Mele bai ci ko ƙwaya ɗaya ba, muryata ce, laifina ne. Na biya kowane gida a gaban liman. Na mayar masa da abin da ya raba, na sayo masa sabon inji a satin. Ya karɓa ya yi godiya. Amma inji ba ya tayar da tattasan da ya mutu. A ƙauyen na wanke shi. A Difa kuwa, inda na fara watsa maganar, ban taɓa tsayawa na janye ta ba. In an tambaye ni sai in ce an daidaita, kowa ya fassara yadda ya so. Haka ta iso kunnuwanku.

Ga lissafin yadda ya tsaya. Ni na rasa fili ɗaya, kuma cikin shekara huɗu na sayi wanda ya fi shi, da ribar kiran datan nan dai, don ban daina ba, sai dai yanzu duk wanda ya loda mini kaya sai mun yi magana ya tambaya na amsa. Gidaje biyar sun samu kuɗinsu cif, amma ba su ƙara ajiye ko buhu a magazan Ba Mele ba, kowa ya gina nasa. Shi ya rasa tsinka uku na shekarar da tattasai ya fi kowace daraja, ya rasa shanun da ya yi shekara shida yana horarwa, waɗanda na saya masa a madadinsu ba su taɓa bin muryarsa ba. Ya ci gaba da sayar mini da kaya, bai taɓa ƙara mini ko dala a farashi ba. Damina biyu ya ƙara nomawa Allah ya karɓi abinsa. Wato shekara uku suka rage masa a ranar da na ture masa hannu, ɗaya a cikinsu ta tafi a banza. Dogo tattasai ya sata, buhu ɗari da goma sha biyu, kuma na biya. Shekarar nan ni na ci ta, a sati ukun da na yi ina cewa gobe, kuma ban samu wurin biyanta ba.